Daga Dankalin Talaka Zuwa Taliya Mai Idanu: Tarihin Abincin Yara na Daren Halowin

Duk ɗalibin da watan Oktoba ya taɓa riska a Birtaniya ko Amurka ko Kanada ya san yadda manyan kantuna ke sauya kama da zarar ganyen itatuwa ya fara zuba. Za ka tarar da kabewa jibge a bakin ƙofa, an rataye ƙwarangwal na roba da saƙar gizo-gizo ta auduga, sannan mujallun girke-girke da ake jerawa kusa da wurin biyan kuɗi duk sun cika da hotunan abincin yara mai siffar ban tsoro: sosej da aka naɗe da kwaɓin fulawa kamar gawar Fir'aunan Masar, taliya mai idanu, da dakakken dankali mai kama da fatalwa. Duk wannan shiri ne na daren 31 ga Oktoba, wanda ake kira Halowin.

Ga wanda ya zo karatu shi kaɗai, abin kallo ne na mako biyu, ya wuce. Amma da yawa daga cikin 'yan wannan ƙungiya tamu, musamman masu karatun digiri na biyu da na uku, mun zo da iyali, kuma 'ya'yanmu suna zama aji ɗaya da 'ya'yan 'yan ƙasa. Yaro zai dawo gida yana tambayar me ya sa ba a yi masa irin abincin da abokinsa ya ba shi labari ba, kai kuma uba ko uwa ba ka da amsar da ta wuce "mu ba ma yi". Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. Wannan ya sa na ga ya dace in bi sawun wannan abinci tun daga tushensa, domin duk matsayin da mutum zai ɗauka, ya ɗauke shi a kan sani. Abin da binciken ya nuna mini shi ne, abincin ban tsoro na yara shi ne auta a cikin al'adun wannan dare. Ya zo ne a ƙarshen wata doguwar tafiya, kuma a kowane zango na tafiyar akwai wani tsoro na gaske da ke damun manya, wanda suka yi ƙoƙarin lallashinsa da abinci.

Ƙarshen kaka a ƙasar Ailan

Mutanen Ailan da na tsaunukan Sikotilan na dā sun raba shekararsu gida huɗu, kuma ranar 1 ga Nuwamba ita ce ƙofar hunturu. Suna kiran bikin wannan rana Samhain, ana furta shi Sawin. A lokacin ne ake kammala girbi, a sauko da shanu daga makiyayar tsaunuka, a yanka waɗanda ba za a iya ciyar da su ba har zuwa ɗumi. Mai karatu da ya taɓa ɗanɗana hunturun arewacin Turai, inda rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu na yamma, ba sai an yi masa dogon bayani ba kan fargabar manomin da ba shi da wutar lantarki ko kanti, sai abin da ke cikin rumbunsa. Tsofaffin labaran Ailan da aka rubuta bayan zuwan Kiristanci suna nuna wannan dare a matsayin lokacin da iskoki da mutanen ɓoye ke fitowa.

Sau da yawa za ka ji ana cewa Samhain bikin matattu ne na maguzawan Turai. Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Bristol, a littafin da ya wallafa a 1996 kan bukukuwan shekara a Birtaniya, ya nuna cewa hujjar da ke goyon bayan wannan magana ba ta da ƙarfi. Alaƙar wannan lokaci da matattu ta fi fitowa fili ne ta hanyar coci. Fafaroma Gregory na Uku, wanda ya yi mulki daga 731 zuwa 741, ya keɓe wani ɗakin ibada a Rum domin tunawa da dukkan tsarkakan addininsu, kuma a 835 aka tabbatar da 1 ga Nuwamba a matsayin ranarsu a daular Sarki Louis na Faransa da Jamus. Daga baya, wajen shekara ta 1000, Odilo, shugaban gidan ibada na Cluny a Faransa, ya ware 2 ga Nuwamba domin yi wa sauran mamata addu'a. Sunan Halowin kansa gutsure ne na wata tsohuwar jimlar Turanci mai ma'anar jajibirin ranar tsarkaka.

Daga nan ne aka sami abinci na farko da za a iya dangantawa da wannan lokaci kai tsaye. Katolika na wancan zamani sun yi imani cewa addu'ar rayayyu tana rage wa mamaci wahalar tsarkakewa kafin ya shiga aljanna. Don haka masu hali sukan gasa 'yan ƙananan burodi masu zaƙi da kayan ƙamshi, talakawa da yara su bi gida-gida suna karɓa, a madadin haka su yi wa mamatan gidan addu'a. Sadaka ce ke nan. Bayan Ingila ta bar ɗariƙar Katolika a ƙarni na 16, hukuma ta soke wannan aƙida, ko da yake bara da waƙa a ƙofar gidaje ta ci gaba a yankuna irin su Cheshire da Shropshire har cikin ƙarni na 19. Sauran shagalin kuwa ya koma daren 5 ga Nuwamba, ranar tunawa da asirin Guy Fawkes da ya tonu a 1605 lokacin da ya yi niyyar tarwatsa majalisar dokoki. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin Ingila da yawa har yau suke kallon Halowin a matsayin baƙon abu daga Amurka.

Dankali, kabeji da zobe

A Ailan da Sikotilan ne daren ya ci gaba da ƙarfinsa, kuma abincinsa abincin talaka ne zalla. Da yake jajibirin babbar ranar coci ne, Katolika na wancan zamani ba sa cin nama a ranar. Abin da ake ci shi ne wani haɗi da suke kira kolkanon: dafaffen dankalin Turawa da aka daka tare da kabeji ko ganye mai kama da shi, a zuba madara, a yi rami a tsakiya a sa man shanu. Wani mutumin Welis mai suna William Bulkeley ya rubuta a littafin ajiyar bayanansa cewa an ba shi wannan abinci a birnin Dabilin a daren Halowin na 1735. Ya kamata a lura cewa dankali ɗan asalin Kudancin Amurka ne, bai iso Turai ba sai a ƙarshen ƙarni na 16, saboda haka duk wanda ya ce maka kolkanon abincin Turawan shekaru dubu biyu ne, ya yi kuskuren lissafi.

Akwai kuma wani burodi mai busasshen inabi da ake kira bambarak, wanda ake ɓoye wasu 'yan abubuwa a cikinsa kafin a gasa. Wanda ya ci karo da zobe a yankansa, an ce zai yi aure kafin shekara ta zagayo. Wanda ya sami tsabar kuɗi zai yi arziki, wanda ya sami ƙyalle zai yi talauci, wanda ya sami ɗan tsinke zai yi zaman aure mai rigima, wanda kuma ya sami ƙwayar wake ba zai yi aure a shekarar ba. Har yau ana sayar da wannan burodi a kantunan Ailan, amma galibi zoben kaɗai ya rage a ciki. Idan muka dubi jerin nan da kyau za mu ga abin da ke ran mutanen: aure, talauci, da abin da gobe za ta haifar.

A Sikotilan, shahararren mawaƙinsu Robert Burns ya rubuta doguwar waƙa kan wannan dare a 1785, inda ya kwatanta matasan ƙauye suna tuge kabeji a duhu suna kuma ƙona 'ya'yan itace a murhu don duba wanda za su aura. Abincin da ya ce ana rufe daren da shi wani kunu ne da ake yi da dusar hatsin ot da aka jiƙa ta yi tsami, a sa masa man shanu. Duk wanda ya san yadda ake tsima gero a yi koko ya san irin ɗanɗanon da ake magana. Yara kuwa nasu shi ne wasan tuffa: a zuba tuffa a baho cike da ruwa, yaro ya sunkuya ya cafko da haƙori ba tare da sa hannu ba. Mai zane Daniel Maclise ya zana irin wannan taro a wani sanannen zanensa na 1833.

Abu ɗaya mai ban tsoro da ake yi da kayan gona a lokacin shi ne fitila. Akan ɗauki wata saiwa mai tauri da ake kira tanif, wadda ake ci ake kuma ba dabbobi, a ƙwaƙule cikinta, a sassaƙa mata idanu da haƙora, a sa kyandir ko garwashi. A gidan tarihin rayuwar karkara da ke kusa da garin Castlebar a yammacin Ailan akwai kwafin irin wannan fitila daga yankin Donegal, kuma duk wanda ya ga hotonta zai yarda cewa ta fi kowace kabewar kanti muni.

Yunwa ta kai shi Amurka

Tsakanin 1845 da 1852 wata cuta ta lalata dankalin Ailan shekara bayan shekara. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, sama da miliyan ɗaya kuma suka yi hijira, mafi yawansu zuwa Amurka da Kanada. Wato abincin da ake bikin daren da shi, shi ne wanda rashinsa ya kori mutanen daga ƙasarsu. Su da 'yan Sikotilan da suka riga su ƙaura ne suka yaɗa al'adar a sabuwar ƙasa, inda suka tarar da kabewa, 'yar asalin nahiyar, wadda ta fi tanif girma da sauƙin sassaƙa.

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, mujallun matan Amurka sun karɓi daren sun mai da shi liyafar cikin gida ta samari da 'yan mata. Kamfanin Dennison na jihar Massachusetts, mai yin takardun ado, ya fitar da wani ɗan littafin shirya liyafar Halowin a 1909, ya kuma ci gaba da fitar da shi kusan kowace shekara daga 1912. Irin waɗannan littattafai ne suka kafa launin ruwan lemo da baƙi a matsayin launin daren, suka kuma cika tebur da hoton baƙar kyanwa, jemage da mayya. Sai dai abincin da ke kan teburin har lokacin na kaka ne kawai: tuffa, ruwan tuffa, gyaɗa, gugguru da kek.

Matsalar tana waje, a kan titi. Samari sun ɗauki daren a matsayin daren ɓarna. Da farko cire ƙyauren shinge ne, da shafa sabulu a tagogi, da kifar da banɗakin katako da ke bayan gida. Garin Anoka na jihar Minnesota ya gaji da haka tun 1920, ya shirya wa yara jerin gwano tare da rabon alewa da gugguru don a ɗauke hankalinsu. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ɓarnar ta kai ga kifar da motoci da tayar da gobara, har wasu birane suka yi tunanin hana bikin baki ɗaya.

A nan ne, a ganina, aka haifi abincin ban tsoro. Iyaye da makarantu da coci-coci suka fahimci cewa yaro mai neman abin da zai tayar masa da tsigar jiki, in ba a ba shi a gida ba zai nemo shi a titi. Sai aka riƙa gayyatar yaran unguwa zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a kashe fitila, wani babba ya fara labarin wani mamaci, yana miƙa sassan jikinsa hannu zuwa hannu a cikin duhu. Inabi da aka ɓare shi ne idanunsa, dafaffiyar taliya mai sanyi ita ce ƙwaƙwalwarsa, safar hannu da aka cika da jiƙaƙƙen yashi ita ce hannunsa. Tatsuniyar dodo ce dai irin wadda kakanninmu ke yi mana da dare, sai dai su sun haɗa da kayan kicin. Taliya mai idanu da ake ɗora wa yara a faranti yau jikar wancan wasa ce.

Zamanin alewa

A daidai wannan lokaci kuma aka sami wata yarjejeniya tsakanin yara da masu gidaje. Kalaman nan da yara ke faɗa a bakin ƙofa, masu ma'anar a ba mu ko mu yi ɓarna, sun bayyana a jaridun Kanada a shekarun 1920, suka bazu a Amurka a shekarun 1930. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da abin, domin daga 1942 zuwa 1947 da kati ake sayen sukari a Amurka. A Birtaniya ma takunkumin alewa bai ƙare ba sai a 1953. Bayan yaƙi, da aka gina sababbin unguwanni cike da ƙananan yara, al'adar ta dawo da ƙarfi. A 1950 wasu yara a Philadelphia suka tara wa asusun UNICEF dala 17 maimakon alewa, abin da ya zama gangamin shekara-shekara, sannan a 1952 kamfanin Disney ya yi fim ɗin zane na Donald Duck a kan wannan yawo.

A farkon wannan zamani abin da ake ba yara na gida ne: dunƙulen gugguru da sukari, biskit, tuffa da aka tsoma a narkakken sukari, wani lokaci har a shigo da su ciki su sha wani abu mai ɗumi. Kamfanonin alewa suka ga kasuwa, suka shiga yin ƙananan ƙunshi na musamman. Dodannin da ke jikin ƙunshin kuwa daga silima suka fito. Littafin Frankenstein na Mary Shelley ya fito a 1818, na Dracula kuma, wanda Bram Stoker ɗan Dabilin ya rubuta, a 1897, amma kamannin da yara suka sani na finafinan kamfanin Universal ne na 1931. Gawar Masar naɗe da ƙyalle ta biyo baya a fim ɗin 1932, shekaru goma bayan Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun. A 1971 kamfanin General Mills ya kai waɗannan dodanni har teburin karin kumallo da hatsin yara mai suna Count Chocula da Franken Berry. Rinin da aka sa wa na biyun ya riƙa mai da bayan gidan wasu yara ruwan hoda, har aka kai wani yaro asibiti ana zaton jini ne, likitoci suka rubuta labarin a 1972.

Tsoron maƙwabci

Daga shekarun 1960 sai wani sabon tsoro ya shigo, wato cewa wani mugu zai sa guba ko reza a cikin abin da ya ba yaro. A 1964 wata mata a jihar New York, wadda ta ji haushin manyan yara masu zuwa bara, ta ba su maganin tururuwa da biskit ɗin kare, ta ce wasa take yi. Ba wanda ya ci, amma an gurfanar da ita. A 1974 wani yaro ɗan shekara takwas ya mutu a jihar Texas bayan ya ci alewa mai guba a daren Halowin. Bincike ya nuna mahaifinsa ne ya sa gubar don ya karɓi kuɗin inshora, kuma an zartar masa da hukuncin kisa a 1984. Sannan a 1982, wata guda kafin Halowin, mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan shan maganin Tylenol da wani ya sa wa guba a kanti. Abin bai shafi alewa ba, amma a shekarar garuruwa da dama sun hana yawon yara, asibitoci kuma suka riƙa ɗaukar hoton alewa kyauta.

Masanin zamantakewa Joel Best ya bi manyan jaridun Amurka tun daga 1958, ya wallafa sakamakon a 1985: bai sami yaro ko ɗaya da baƙo ya kashe da alewar Halowin ba. Amma tsoron ya riga ya yi aikinsa. Iyaye suka riƙa zubar da duk abin da ba a rufe a masana'anta ba, abincin gida ya ɓace daga bakin ƙofa, kasuwa ta koma hannun kamfanoni kacokan. Ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka ta kiyasta cewa a 2023 an kashe dala biliyan 12.2 a kan Halowin, biliyan 3.6 daga ciki a kan alewa. Haɗarin gaske kuwa yana wani wuri daban. Wani bincike da masana daga Jami'ar British Columbia suka yi kan alƙaluman Amurka na 1975 zuwa 2016 ya nuna cewa mutuwar masu tafiya a ƙasa sakamakon bugun mota tana ƙaruwa da kashi 43 cikin ɗari a wannan dare, kuma ga yara 'yan shekara huɗu zuwa takwas haɗarin yakan ninka kusan sau goma.

Komawa teburin gida

Da hannun uwa ya fita daga abin da ake rabawa a ƙofa, sai ya koma kan abincin dare. Lissafin mai sauƙi ne. Yara za su fita da magariba su dawo da jaka cike da sukari, alhali ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa kada sukarin da ake ƙara wa abincin yaro ya wuce giram 25 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali shida. Dole ne a cika masa ciki da abincin kirki kafin ya fita, ga shi kuma ɗoki ya hana shi zama, ga lokaci ya ƙure. Wasu gidajen fiza suke saya, shi ya sa daren yake cikin dararen da masu kai fiza suka fi ciniki a Amurka. Wasu kuma suka gano cewa yaron da ya ƙi cin tattasai zai cinye shi tas idan an yi masa idanu da baki.

Kayan aikin ma sun riga sun samu. Kwaɓin fulawa na gwangwani da kamfanin Pillsbury ya fito da shi a 1965 shi ya sa sosej mai kama da gawar Masar ya zama aikin minti ashirin: a yanka kwaɓin siri-siri, a naɗe sosej a bar gurbin fuska, a gasa a zafin digiri 190 na kimanin minti goma sha biyar, a ɗiga idanu biyu da miyar tumatir. Sauran ma haka suke. Akan yanke kan babban tattasai mai launin lemo, a sassaƙa masa fuska irin ta fitilar kabewa, a cika shi da shinkafa da niƙaƙƙen nama a gasa. Na ga wata 'yar'uwarmu ta cika nata da dafa-duka, ya kuma yi daɗi. Akan dunƙula nama a ɗora a kan taliya, a sa masa ɗan cuku da yankan zaitun ya zama ido. Akan tsaga zaitun baƙi gida biyu, rabi ya zama jikin gizo-gizo, ɗaya rabin a yayyanka shi ƙafafu takwas a ɗora a kan dafaffen ƙwai. Dakakken dankali kuwa a tara shi tsaye da cokali a sa masa idanu, ya zama fatalwa, kuma in ka duba, kolkanon ne ya dawo ba kabeji. Mujallun mata da shirye-shiryen talabijin ne suka yaɗa waɗannan dabaru, sannan zuwan Pinterest da Instagram a 2010 ya mai da su gasa tsakanin iyaye. Birtaniya, wadda daga tsibiranta abin ya tashi, ta karɓe shi a sabuwar rigarsa daga shekarun 1980 ta hanyar finafinai irin su E.T. na 1982. A 2022 har birnin Riyadh an yi bikin shigar dodanni a ƙarshen Oktoba, abin da 'yan'uwanmu da ke karatu a Saudiyya suka ji muhawararsa da kunnensu.

Ina muka tsaya?

Bahaushe ba baƙo ba ne ga yara masu shigar burtu suna bin gidaje da dare. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Damagaram ya san tashe, wanda ake farawa bayan azumi ya kwana goma, yara su yi gemun auduga da tumbin tsumma, a ba su hatsi ko kuɗi. Tashe da Halowin ba su haɗa tushe ba, kuma ba abu ɗaya suke nufi ba. Amma tunawa da tashe zai taimaka mana mu gane abin da ke jan ɗanmu: fita da dare cikin abokai, sauya kama, da a ba ka wani abu a hannu.

A cikinmu akwai masu kashe fitilar ƙofa a wannan dare, wanda a al'adar unguwannin nan alama ce ta cewa gidan ba ya ciki, kuma ba wanda zai ƙwanƙwasa. Malamai da dama sun hana shiga bikin saboda tarihin da na zayyana a sama, kuma wasu coci-coci ma suna ƙaurace masa su shirya wa yaransu wani taro daban. Akwai kuma masu barin yaro ya yi abin da aka shirya a makaranta kawai. Hukunci na malamai ne, ni ɗalibin tarihi ne. Abin da zan roƙa shi ne, wanda ya hana ya zaunar da yaron ya gaya masa dalili da labarin, domin yaron da aka hana ba bayani yakan ɗauka cewa gidansu ne ke da naƙasa. Wanda kuma ya bari, ya karanta jikin ƙunshi, domin yawancin sosej na kantunan nan na alade ne, alewa mai danƙo kuma sau da yawa da sinadarin jelatin na alade ake yin ta. A tsaga inabi da sosej a tsaye ga yaron da bai kai shekara biyar ba saboda shaƙewa, sannan a riƙe hannunsa a bakin titi.

Dabarar da ke cikin farantin kuwa ba mallakin wani dare ba ce. Uwar da ta yi wa tuwo idanu da wake biyu a watan Maris don ɗanta ya ci miyar ganye ba ta yi bikin kowa ba. Haka nan, a ranar 1 ga Nuwamba kabewa takan faɗi warwas a kantuna. Manyan da ake sassaƙawa ruwa ne ya yi musu yawa, ba su da ɗanɗano sosai, amma ƙananan da kuma doguwar nan mai wuya suna yin miyar taushe kamar ta gida, in an sami alayyafo da man gyaɗa. Ga ɗalibi mai lissafin kuɗin tallafi, wannan ma riba ce.

Allah ya ba mu abin da muka zo nema, ya shirya mana zuriya, ya mai da mu gida lafiya.